Ranar da na ɓata motar Alhaji



A makon jiya, bayan mun tashi daga karatun dare, wani dattijo cikin ɗalibaina ya tsaya yana taya ni naɗe tabarmi. Ya ce mini ɗansa zai tafi Maraɗi cin rani. Na ce: "Baba, wace sana'a zai yi can?" Ya ce: "Wankin mota, Malam. Ai ita ba ta son koyo. Ruwa ne da tsumma."

Na yi shiru. Ni ma na taɓa faɗin wannan magana da bakina, kuma na biya kuɗinta. Na yi wa dattijon alkawari zan rubuta labarin a jaridarmu, don ya karanta wa ɗansa da kansa kafin yaron ya kama hanya. To, ga alkawari na cika.

Damanar 2009 ba ta yi kyau ba. Duk wanda ya yi noma a wannan shekara bai manta ba. Tun sanyi bai wuce ba muka fara ganin gindin rumbunmu. A lokacin ina da shekara 19. Na gama kwaleji, ina jiran shiga makarantar horon malamai. Tsohona ya ce in tafi birni in nemo abin da za a ƙara hatsi da shi. A farkon 2010 na sauka Maraɗi da riga biyu da bargo ɗaya.

Wani ɗan garinmu ya kai ni wurin wani mai wankin mota. Mutum ne mai furfura, marar yawan magana. Bai taɓa shiga lakkol ba, ko sunansa bai iya rubutawa. Wurin aikinsa rumfa ce ta kwano a bakin gudro, da bokitai, da tsummoki rataye a igiya. Mu uku ne yaransa. Da ya ji na yi karatu, sai ya sa mini suna Ɗan Lakkol.

Sati biyu bai bar ni na taɓa jikin mota ba. Ɗiban ruwa nake yi, da wanke ƙafafun mota, da kakkaɓe tabarmin ciki, da wanke tsummoki. Abin ya ɓata mini rai. A zuciyata ina cewa: ni da na san lissafi da Faransanci, mene ne a cikin shafa tsumma a jikin ƙarfe?

Wata ranar Alhamis da hantsi, wani Alhaji ɗan kasuwa ya kawo motarsa. Toyota ce baƙa, sabuwa ful, bai fi kwana goma da ɗauko ta daga Kwatano ba. Kwana biyu ana hazo, ƙura ta lulluɓe ta har ta koma ruwan ƙasa. Alhaji ya bar makulli, ya ce zai dawo bayan azahar. Mai garuwa bai kawo ruwa ba tukuna. Maigida ya ce zai je ya duba abin da ya tsai da shi. Kafin ya tafi ya ce: "Kada kowa ya taɓa ta sai na dawo."

Ni kuwa na ga dama ta samu. Na ce bari in rage masa aiki, ya dawo ya ga Ɗan Lakkol ya iya. Na ɗauki wani busasshen tsumma da ya faɗo daga igiya. Na kakkaɓe shi sau ɗaya. Na hau goge murfin inji da ƙarfina, ina zagaya hannu kamar mai dama fura. A gefe guda akwai kashin tsuntsu da ya bushe. Ya ƙi fita, na sa soson wanki na kankare shi. A cikin inuwar rumfa murfin ya yi baƙi wuluk, yana sheƙi. Na ji daɗi ƙwarai.

Maigida ya dawo da mai garuwa. Ya dubi motar, ya dubi tsumman da ke hannuna. Bai ce komi ba. Ya shiga, ya ja motar baya har rana ta haska ta. Ya ce: "Zo ka gani."

Ƴan'uwa, gani ya kori ji. Duk inda hannuna ya bi, zane ne ƙanana-ƙanana, zagaye-zagaye, kamar saƙar gizo. Wurin kashin tsuntsun ya dushe, faɗin tafin hannu. Ga kuma wani dogon zane fari, ya fi taƙi, inda wata ƴar tsakuwa ta maƙale a cikin tsumma. Gwiwoyina suka yi sanyi.

Ɗaya daga cikin yaran ya matso ya ce a hankali: "Maigida, a shafa mata ɗan gazuwal. Za ta yi sheƙi, zanen ya ɓuya. Kafin ya gane ya kwana uku, ba zai san inda abin ya faru ba." Ba zan ɓoye muku ba, raina ya so wannan shawara. Maigida ya juyo ya ce: "Shekara 20 ina nan wurin. Makullin mota ake ba ni a tafi. Da gazuwal kake so in sayar da wannan?"

Da Alhaji ya zo, maigida ya tare shi tun bai zauna ba. Ya ce: "Alhaji, Allah shi ba ka haƙuri. Ɓarna ta faru a hannunmu. Zo ka duba." Bai ce yaro ne ya yi ba. Ni na fito na ce ni ne. Alhaji ya yi faɗa sosai, kuma yana da gaskiya. Daga baya ya dube ni ya ce: "Yaro, daga wane gari kake?" Na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce a kai ta wurin mai fenti, mu biya.

Mai fenti ya ce jika 30. Maigida ya ɗauki rabi, ya ce don shi ya bar sabon yaro da sabuwar mota. Ni na ɗauki rabi. Jika 15 ɗin nan sai da na yi kusan wata biyu ina biya. Kuɗin hatsin gidanmu ne. Da na aika wa tsohona bayani, abin da ya aiko mini kawai shi ne: "Ka tsaya ka koya."

Kwana uku na yi ina zuwa garajin mai fenti, ina kallo, ina tambaya. A can na fara sanin mene ne fentin mota. Sauran na ƙaro daga baya cikin littattafai. Bari in faɗa muku, don duk abin da zai biyo baya a kansa ya tsaya.

Jikin mota ƙarfe ne, ƙarfe kuwa in ya haɗu da ruwa da iska sai ya yi tsatsa. Fenti shi ne rigar da ke tsare shi. A masana'anta hawa huɗu ake yi masa. Hawa na farko yana manne da ƙarfe, shi ke hana tsatsa. Na biyu yana daidaita jiki ya yi sumul. Na uku shi ne launi: fari, ko ja, ko baƙi. Na huɗu ba shi da launi, garau yake kamar gilashi. Shi ke ba mota sheƙi, shi ke tare zafin rana kada launi ya koɗe. Ana gasa fentin a cikin wani babban ɗaki mai zafin digiri 140 ko fiye. Ku tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa.

To, ga abin mamaki. Duk hawa huɗun nan, in an haɗa su, kaurinsu bai wuce na takardar nan da kuke riƙe da ita da yawa ba. Hawan sama mai sheƙi kuwa bai kai kaurin takardar ba. Ku kama gefen shafin nan da yatsa biyu ku ji. Abin da ke tsakanin tsummana da launin motar Alhaji bai kai haka ba.

Ita kuma ƙura mece ce? Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Tana ɗauko ƙura mai yawa daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Cadi, inda dā can tafki ne ya ƙafe. A hanya tana haɗuwa da rairayin ƙasarmu. Rairayi kuwa dutse ne da ya farfashe. Ku gwada da kanku: ku ɗebi rairayi ku goga a jikin kwalba, za ku ga ya zane ta. Abin da ya zane kwalba, ina ga fenti? Kun san takardar nan mai yashi da kafintoci ke goge katako da ita. Busasshen tsumma a kan ƙura, ita ce ka haɗa da hannunka ba ka sani ba. Baƙar mota da mai duhun launi sun fi nuna wannan zane. Fara tana ɓoye shi, amma ita ma tana cutuwa.

Na ga yadda mai fenti ya gyara ɓarnata. Ya sa farcensa ya bi kan zane-zanen. Ya ce wanda farce bai kama ba, a hawan sama ya tsaya, ana iya goge shi. Ya shafa wani magani mai kama da kullu, ya bi shi da injin gogewa. Maganin yana cin hawan sama kaɗan-kaɗan har ya daidaita da zurfin zanen. Sheƙi ya dawo, amma rigar ta ƙara sirancewa. Ya ce ba a yin haka sau da yawa, in hawan sama ya ƙare, ya ƙare ke nan. Dogon zanen kuwa farce ya kama shi. Dole aka sake wa murfin fenti gaba ɗaya. Mai fenti gwani ne, amma ya faɗa wa Alhaji gaskiya: fentin garaji ba ya kai na masana'anta ƙarfi.

Bayan wannan ne maigida ya fara koya mini wanki. Ga yadda ya koya mini, kuma har yau ban ga inda aka fi shi ba.

Da farko a sa mota a inuwa, a bari jikinta ya huce. In ka ɗora hannu ka ji zafi, ka jira. Ruwa da sabuni suna bushewa nan da nan a kan ƙarfe mai zafi, su bar tabo. Sassafe da yamma sun fi kyau.

Na biyu, ruwa ke fara taɓa mota kafin hannu. A kwarara shi daga rufi zuwa ƙasa, ya tafi da yawancin rairayin. Maigida yakan ce: "Bar ruwa ya yi nasa, sannan ka yi naka."

Na uku, bokiti biyu. Ɗaya na ruwan sabuni, ɗaya na ruwa zalla. Ka tsoma tsumma a na sabuni, ka wanke wuri kaɗan. Kafin ka koma na sabuni, ka ɗauraye tsumman a na ruwa zalla, rairayi ya zauna a gindin bokiti. In bokiti ɗaya kake aiki da shi, ƙasar da ka cire daga ƙofa ita za ka mayar a kan rufi. Na san ruwa da tsada, da wahalar samu. Amma bokiti ɗaya na ƙari bai kai jika 30 ba.

Na huɗu, daga sama ake farawa. Rufi, gilashi, murfin inji, ƙofofi, sannan gindin mota inda laka take. Hannu ya tafi miƙe, ba zagaye ba, kuma ba a dannawa. Ƙafafu suna da nasu tsumma da nasu bokiti, ba a haɗa su da na jiki.

Na biyar, tsumma. Ya zama mai laushi, mai shan ruwa. Akwai ƙananan tawul masu laushi ƙwarai da ake sayarwa don wannan aiki. In babu, tsohuwar rigar auduga ta isa, amma a cire maɓalli da zip. Tsumman da ya taɓa ƙasa ya gama aikinsa na ranar, sai an wanke shi. Soso, da buhun leda, da na goge tukunya, kada su kusanci fenti.

Na shida, sabuni. Akwai na ruwa da aka yi don mota. Garin sabunin wankin tufafi yana da kaifi, yana cinye kakin da aka shafa don tsare fenti. In bai narke duka ba, tsakinsa ma yana zane.

Na bakwai, a ɗauraye da kyau, a tsane da tsumma mai tsabta tun ruwa bai bushe da kansa ba. Ruwan rijiya yana ɗauke da gishirin ƙasa. Ku leƙa gindin butar shayi ku ga farin abin da ke taruwa. Shi ne ke zama ɗigo-ɗigo a jikin mota in an bar ta ta bushe a rana.

Ban da ƙura, fenti yana da wasu abokan gaba. Kashin tsuntsu da na jemage suna da kaifi, suna cin fenti, balle in rana ta buga su. Ba a barin su su kwana, kuma ba a kankarewa. A jiƙa tsumma a ɗora a kai, a jira ya yi laushi, a ɗauke a hankali. Da haka na yi a ranar nan, da ban yi asarar hatsi ba. Inuwar itace tana da daɗi, amma a duba sama tukuna: in balbelu ke kwana a kai, ko yana ɗigar da ƙaro, ko ƴaƴan bedi suna zuba, a nemi wani wuri. Man birki da ruwan batir suna ɓata fenti cikin ɗan lokaci, in sun zuba a wanke da ruwa mai yawa nan take. Wasu suna lulluɓe mota da tanti tana da ƙura. In iska ta taso, tantin ya dinga goga rairayin a jikinta dare farai. A wanke tukuna, sannan a rufe.

Akwai kuma yara masu rubuta sunansu da yatsa a jikin mota mai ƙura. Ni malamin rubutu ne, ina murna in ga yaro yana rubutu. Amma a ba shi allo. Yatsa a kan ƙura, zane ne da ba ya gogewa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta canja mini rayuwa. Maigida yana da wani gwangwanin kaki da yake shafa wa motocin manya bayan wanki. Da tsada yake sayen shi, yana ɓoye shi a cikin akwati. Wata rana ya miƙo mini ya ce: "Ɗan Lakkol, me aka rubuta a nan? Shekara da shekaru ina sayensa ban taɓa sani ba."

Na karanta masa, ina fassarawa. An ce a shafa a kan mota wankakkiya, busasshiya, a inuwa. Ya ce ya sani. An ce a yi wuri kaɗan-kaɗan, a bari ya yi fari-fari, sannan a goge da tsumma mai laushi. Ya ce wannan ma ya sani. An ce a shafa siriri ƙwarai, don abin da ya yi yawa ba ya ƙara tsaro, gogewa kawai yake sa ta yi wuya. Nan ya yi shiru. Shi lafta shi yake yi, yana tsammanin yawa shi ne kyau. Daga ranar gwangwani ɗaya ya riƙa daɗe masa fiye da dā, hannunsa ma ya huta.

A jikin gwangwanin an rubuta sunan kakin: karnoba. Daga baya na karanta cewa daga ganyen wani itace ake samun shi a arewa maso gabashin ƙasar Barazil. Itacen dangin giginya ne da goriba. Ƙasarsu tana da dogon rani kamar tamu, sai itacen ya rufe ganyensa da kaki don kada ruwan jikinsa ya tsere. Ana yanko ganyen, a shanya, a bubbuga, kakin ya zubo kamar gari. Abin da ke tsare ganye daga rana shi ake ɗora wa mota. Ba ya dawwama, zafin ƙasarmu yana cinye shi cikin ƴan watanni ko ƙasa da haka. Ga yadda ake ganewa: a zuba ruwa a kan murfin inji. In ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, kaki yana nan. In ya shimfiɗe ya kwanta, lokacin sakewa ya yi. Motar da ta fito daga masana'anta ana iya shafa mata tun ranar farko. Wadda aka yi wa fenti a garaji, a jira wata ɗaya ko biyu, yadda mai fenti ya faɗa, sai fentin ya gama bushewa.

Da dare ya yi, maigida ya kira ni. Ya ce: "Abin nan da ka yi da ido, ana iya koya wa tsoho?" Na ce ana iya. Muka fara da lambobi, don ya riƙa rubuta lambar mota da bashin da yake bin mutane. Sannan muka shiga baƙaƙe. Da rana shi ne malamina, da dare ni ne nasa. Shi ne ɗalibina na farko, tun ban shiga makarantar horon malamai ba. Kafin in koma gida shuka, ya rubuta sunansa da alli a jikin ƙyauren rumfa.

Wani zai ce: "Malam, mu da ba mu da mota, ina ruwanmu?" Da ruwanmu. Moton da aka sayar da tumaki aka saya, da keke, da amalanke, da garmar shanu, da ƙyauren ƙarfe, duk fenti ke tsare su. A wanke musu laka bayan aiki, da ruwa, ba da busasshen buhu ba. A ajiye su a rumfa. Inda fenti ya ɓare har ƙarfe ya fito, kada a jira damana. A goge tsatsar, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, ya bushe, sannan a bi da launi. Ƙaramin gwangwani ya isa amalanke guda. Rigakafi ya fi magani.

Yanzu gare ka, ɗan Baba, kai da za ka tafi Maraɗi. Ka nemi maigida mai gaskiya, ko da kuɗinsa kaɗan ne. In ya ce ka ɗebi ruwa sati biyu, ka ɗeba, idonka yana kan hannunsa. Abin da ba ka sani ba ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. Duk kwalba da gwangwanin da aka ba ka, ka karanta jikinsa, in Faransanci ne ka nemi mai fassara maka. In ɓarna ta faru a hannunka, ka faɗa tun ba a gani ba. Motar da aka bar maka, wani ya yi shekaru yana tara kuɗinta.

Alhajin nan bai daina kawo motarsa rumfarmu ba. Watan da zan tafi, ni maigida ya sa na wanke ta. Na yi awa biyu a kanta. Da na gama, ya ja ta cikin rana, ya zagaya ta sau biyu, ya miƙa mini makulli ya ce in kai wa Alhaji.

Allah shi kai ku lafiya, shi maido ku lafiya kafin ruwan shuka.